Safara'u da Watan Bakwai

Duk unguwar masunta da ke bayan madatsar ruwa ta Goronyo an san Safara'u da abu biyu: bandar kifi, da rashin tambayar abin da aka haifa. Na farkon abin yabo ne. Tarwaɗar da ta bi ta hannunta sai ta yi wata biyu a kwando ba ta yi tsutsa ba, dillalai har daga Rabah suke zuwa da sunanta a baki. Na biyun kuwa mata sun yi gulmarsa har sun gaji. In aka haihu za ta zo barka kamar kowa, da sabulunta a hannu, ta gai da mai jego, ta ce Allah ya raya, ta zauna bakin ƙofa. Amma ba za ta tambayi mace ce ko namiji ba. In kuma aka miƙo mata jariri aka ce namiji ne, sai ta nuna tafukanta ta ce ƙarnin kifi take yi. Hannun da take cin tuwo da shi ne dai, amma ba wadda ta taɓa ja da ita.

'Yar Dinawa ce, aure ya kawo ta bakin ruwa. Mijinta Mainasara masunci ne da damina, manomin albasa da rani, mutum ne da in ya yi magana uku a wuni to ranar ya yi surutu. Shekara guda da tarewa ta haifi Mashkura, yarinya ɓul-ɓul wadda ko mura ba ta cika kamawa ba. Bayanta sai namiji, aka sa masa Zayyanu.

Zayyanu ya zo da ƙiba, har mata na tsokanar uwar cewa kifin sayarwa take cinyewa. Wata shida ko zazzaɓi bai yi ba. Yana shiga na bakwai kunnensa na dama ya fara zubar da ruwa. Aka ɗiga magani ya tsaya, na hagu ya ɗauka. Daga nan sai tari, sai gudawa, sai maruru a ƙeya, a warkar da wannan wancan ya taso. Ya ja har wata goma sha huɗu. Ranar da ya rasu Safara'u ta yi kukan da sai da mata uku suka riƙe ta.

Ta sake haihuwa mace, Mahbuba, wadda ta tashi tana cin ƙasa tana wasa cikin kwata, ba abin da ya same ta. Sai namiji kuma, Bashir. A kansa Safara'u ba ta bar komai ba. Katin rigakafinsa ba layin da ba a cike ba, ga laya a wuya, ga rubutu a kwalba, ga gidan sauro, ko iska ke kaɗawa ba ta bari a fita da shi tsakar gida. Watan bakwai kunne ya fashe. Watan tara aka fita da shi a 'yar tabarma.

Kwana uku da rasuwar, nono bai ko tsaya ba, sai ga Gwaggo Mairo. Ita ce ungozomar unguwa, rabin masuntan bakin dam ita ta yanke musu cibiya, shi ya sa ba mai musa mata ko da ya yi furfura. Ta sa Safara'u ta tatsa a ludayi, ta duƙa gindin katanga ta tsinto tururuwa uku, ta jefa ciki. Ƙa'idar ita ce in tururuwa ta fita, nono lafiyayye ne, in ta mutu ciki, akwai dafi. Ba wanda ya tambaya ko akwai tururuwar da za a jefa cikin koko ma ta fito da ranta, don ba a yi wa Gwaggo Mairo irin wannan tambaya. Biyu suka nutse. Ɗaya ta kai bakin ludayi ta rarrafo.

"Kun gani ko?" in ji Gwaggo Mairo. "Wagga da taf hita mace ta. Nonon ga na mata na, Safara'u. Maza ba su ɗaukar shi."

Yadda aka yi ta gane macen tururuwa daga tsaye, da idon da ba ya iya zura zare a allura, Allah kaɗai ya sani. Amma maganar ta zauna, domin ta yi daidai da abin da kowa ya gani da idonsa: mata biyu na wasa a tsakar gida, maza biyu na ƙasa. Safara'u ma ta karɓa. Har wani sauƙi-sauƙi ta ji, don abin da ke kashe mata 'ya'ya ya samu suna.

Saboda haka da ta haifi namiji na uku, Uwaisu, tun kafin a binne mabiyiya aka ɗauke shi aka kai wa Hassana, matar ƙanen Mainasara, wadda ke goyon wata huɗu. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, ta kara. Gwaggo Mairo ta ɗaure wa Safara'u ƙirji da zane, ta ba ta jiƙo mai ɗaci. Uwar na nan gefe ƙirji ya yi tauri kamar dutse, ɗan na can gefe yana kuka, tana jin lokacin da Hassana za ta ɗauke shi, tana jin lokacin da za ta ce bari ta gama kwashe tuwo tukuna.

Ranar suna da hantsi gida ya cika, Hassana ta shiga wanka, aka bar yaron shi kaɗai a ɗaki yana tsala kuka. Safara'u ta zaga ta shiga. Ta sassauta zanen, ta ba shi. Bai fi a karanta Fatiha uku ba ta ji motsin bokiti, ta cire shi ta gudu. Ba wanda ya gani, ita kuma ba ta faɗa wa kowa ba, har Mainasara.

Uwaisu ya yi wata shida lafiya lau a hannun Hassana. Watan bakwai ya fara tari. Watan takwas ya bi 'yan'uwansa. Mata suka ce ikon Allah, wannan ko ɗigo bai sha ba. Gwaggo Mairo ta ce to wataƙila tun a ciki ya kwaso. Safara'u na zaune a tabarma tana amsa gaisuwa, ita kaɗai ta san amsar, a ganinta. Ba ta yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, abin ne kawai bai zo ba. Ta jira shi kwana bakwai, ta jira shi arba'in, da bai zo ba sai ta tashi ta hura wutar banda.

Daga nan ba ta ƙara haihuwa ba, ba ta kuma nema ba. Shekara ashirin da 'yan kai ta yi su ne gaban rabin gangar da take banda a ciki. Da sassafe ta tari masu komowa daga ruwa, ta zaɓi kifi, ta fasa ciki, ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke wutsiya a baki da tsinke, ta jera a raga, ta rufe da kwali. Tana sanin wuta ta yi yawa daga warin hayaƙi kawai. Idonta ya yi ja ya zauna a haka. In an yi abin dariya takan buɗe baki tare da mutane, in an yi rasuwa takan je ta zauna, kuma ba ta jin bambanci mai yawa tsakanin zaman biyu. Gwaggo Mairo ta rasu. Mainasara ya kwanta ciwon ƙafa damina guda, shi ma ya tafi da 'yan maganganunsa. Ta aurar da Mashkura a Tursa, ga wani manomi mai suna Sale, ta aurar da Mahbuba nan cikin gari. Jikokin farko duk mata ne, ta goya su, ta yi musu tawai.

Sai bara, bayan girbin gero, aka bugo waya daga Tursa aka ce Mashkura ta sauka. Safara'u ta ce alhamdu lillahi, tana shirin kashewa, mai maganar ya ƙara da cewa namiji ne. Ta ajiye wayar a kan turmi, ta koma ta juya kifinta. A ranar ta fara ƙirgen wata.

Sunansa Mujahid. Ta je suna, ta zauna bakin ƙofa. Tun a ranar ta so ta ce kada a ba shi nono, amma Mashkura ta yi firamare, tana zuwa awo, ma'aikaciyar asibitin garinsu ta karanta mata cewa nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. Ga yaron kuma tubarkalla, cinya kamar ta ɗan wata uku. Safara'u ta haɗiye maganar ta komo gida.

Ana cire albasar farko, watan yaron na shida ya cika da kwana tara, Mashkura ta bugo waya. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kifi, ta tambayi Mahbuba, sannan a ƙarshe ta ce, "Inna, kunnenai na ɗan ruwa."

Safara'u ta yayyafa wa wutar ruwa, ta rufe gangar, ta hau mota. Kafin la'asar tana Tursa. Sale ya tafi cin rani kudu, ta sa aka kira shi a waya ta ce za ta tafi da ɗiyarta da jikanta gida a yi magani, ya ce Inna duk yadda kika gani. Washegari suna Goronyo.

Yanzu ita ce tsohuwar. Ba ta nemi kowa ba. Ta ɗauko ludayi ta miƙa wa Mashkura.

"Inna, wanga abu ba gaskiya ba na," in ji Mashkura. "Malamar asibiti ta ce..."

"Malamar asibiti ta rufe ɗiya nawa?"

Safara'u ta danƙa mata ludayin a hannu.

"Ni na rufe uku. Jinina ag gare ki, nonona kika sha. Tatsa."

Ta tatsa. Safara'u ta duƙa gindin katanga ta tsinto tururuwa, gwiwarta na ƙara. Duk ukun suka nutse. Ta ɗauko zane ta naɗa wa ɗiyarta a ƙirji, ta ja, ta ƙulle ta baya. Mashkura na hawaye ba sauti. Safara'u na ganin hawayen kamar yadda take ganin ruwan sama a kan kwanon maƙwabta. Abin da ta sani shi ne tana ceton yaro, kuma wannan karon ba za a samu mai zagawa ta bayan katanga ba, don ita ke gadi. Da yaron take kwana, da shi take wuni, ko banɗaki za ta shiga sai ta kulle ɗaki.

Ba mai goyo a dangi, sai aka koma nonon akuya da kunun gero. Kwana huɗu gudawa ta ɓalle. Aka sayo magani a kemis, ta lafa, ta komo. Kunne na hagu ya ɗauka. Cinyar nan ta zube, fata ta yi laushi kamar tsohuwar jaka. A mako na uku tari ya sauka ƙirji, haƙarƙarinsa na shiga yana fita. Mashkura ba ta nemi izini ba, ta ɗauki ɗanta ta yi asibitin gari, uwar na biye da ita da buta da tabarma. Can suka duba shi suka rubuta takarda, suka ce Sakkwato, yau ba gobe ba.

A babban asibiti aka sa masa robar iska a hanci, aka nemi jijiya a hannu aka rasa, aka samu a kai. Likitar ɗakin yara wata siririya ce mai tabarau, Likita Surayya, 'yar Wurno, da jin harshenta ka san ta gida ce. Ta tambayi Mashkura abin da ake tambaya, sannan ta juyo ga tsohuwar da ke zaune ƙasa.

"Inna, ke ɗiya nawa kika haihwa?"

"Biyar."

"Nawa ad da rai?"

"Biyu. Matan."

Likitar ta daina rubutu. Ta tambayi watannin da mazan suka fara ciwo, Safara'u ta faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, har da kunnen da ya fara. Ta tambayi 'yan'uwanta maza. Safara'u ta yi tunani, abin da ba ta taɓa haɗawa ba: innarta a Dinawa ta haifi maza huɗu, ɗaya ne ya yi gemu. Likitar ta ce za ta ɗebi jinin yaron a aika wani gari, don ba a yin gwajin a nan. Sai idonta ya kai kan zanen da ke ƙirjin Mashkura.

"Wa yaɗ ɗaure ki?"

Likitar ta dubi ɗaya ta dubi ɗaya, ba ta yi faɗa ba. Ta ce a kwance, yanzu. Safara'u ta tashi ta kwance ƙullin da kanta, da haƙori, don ya ci. Aka sa yaron a nono, ya kama ya saki, ba ƙarfin ja, kuma ba abin da za a ja. Nono ya ƙafe. Wata nas ta nuna wa Mashkura yadda za ta riƙa matsawa da hannu bayan kowace awa biyu ko uku, ta ce in an dage yakan komo, sai dai yana ɗaukar kwanaki. Kafin nan madarar gwangwani ta roba ta hanci.

Kwana biyar suka yi suna jiran sakamako. Mashkura na matsawa a wani ɗan kofi, kofin na fitowa a bushe. Safara'u na wanke tsumma, tana shanyawa a waya, tana komowa ta zauna. Ba ta hana ba, ba ta taya ba.

Ran na shida likitar ta kira su ofis, ta jawo wa tsohuwar kujera. Ta ce abin da take zato ne.

"Inna, jiki na da masu tsaronai cikin jini. Akwai wasu da aikinsu shi na su gane ciwo, su haɗa mashi makari, su kuma riƙe kamanninai don gaba. Cikin ɓargon ƙashi aka renon su. Kin san irin albasa, sai ya yi ƙwari wurin reno kahin a cire a dasa. To na yaron ga suna tsirowa, amma ba su kai dashe. Jininai babu su, sai abin da ba a rasa ba."

Ta ce kowane jariri da ƙarancinsu yake zuwa duniya, nasa ba su gama koyon aiki ba. Shi ya sa a watannin ƙarshe na ciki uwa ke zuba masa makarin da jikinta ya tara, ta cibiya, kamar guzuri. Guzurin kan kai shi wata shida ko kusa da haka, yana raguwa, nasa na tasowa, kafin ya ƙare yaro ya tsaya da ƙafarsa. Rigakafi ma su yake koya wa aiki. Amma yaron da nasa ba su taso ba, ranar da na uwa ya ƙare, ranar ciwo ke samun ƙofa a buɗe. Abin gado ne, ta wajen uwa yake bi. Mata na ɗauke da shi ba ya taɓa su, maza kuwa wani ya gada wani ya tsira.

"Wata shidan da kika gani suna ƙiba," in ji ta, "naki na suka ci."

Safara'u ta ɗora hannu a kan teburin. Sannan ta yi maganar da ba ta taɓa yi wa mahaluki ba, da murya irin ta mai faɗin farashin kifi.

"Likita, na ukkun ba ni na shayar da shi ba. Amma sau guda na ba shi. Ran suna. Ba a sani ba."

Mashkura ta juyo ta dubi uwarta.

"Sau guda," Safara'u ta sake cewa. "Shi yak kashe shi?"

Likitar ta cire tabarau. "A'a, Inna. Wallahi a'a. Nononki bai kashe kowa ba. Bai iya warkar da wanga ciwo, kar in yi maki ƙarya, ko kin ba su shekara biyu sai ciwon ya zo. Amma dafi babu. Kariya ad ciki, ta hanji. Abin da kika ba shi ran nan alheri na."

Safara'u ta jira ta ji wani abu. Shekara ashirin da shida tana ɗauke da hantsin nan, an sauke mata shi cikin magana huɗu, ya kamata ta ji sauƙi, ko ta ji haushi, ko ta faɗi. Abin da ya zo mata kawai shi ne lissafi: wata takwas Uwaisu ya yi a bayan katangar kara, tana da abin ba shi, ta ba shi na Fatiha uku. Sai kuma na biyu ya biyo, wanda ya fi kusa: mako uku, akuya, ludayi, ƙullin da ta ja da hannunta. Ta buɗe baki za ta tambayi wannan ɗin, ta ga Mashkura na kallon ta, ta rufe. Likitar ma ba ta ɗauko zancen ba.

Akwai magani, in ji likitar. Makarin ne da ake tacewa daga jinin mutane masu yawa, a ɗura wa yaro ta jijiya duk wata, har iyakar rayuwarsa. Masu samunsa suna girma, su yi makaranta, su yi aure. Babu shi a asibitin, ta riga ta yi waya, ana nema daga nesa, wataƙila kwana huɗu. Aikin yanzu shi ne a riƙe ƙirjin yaron har ya iso. Ta kuma ce duk namijin da Mashkura ko Mahbuba za su haifa nan gaba, a kawo shi tun yana jariri a gwada, kada a jira kunne.

Mujahid ya riƙe kwana biyu. A na uku da hantsi, ana cikin rabon koko, numfashin ya yi tsawo, ya yi tsawo, ya tsaya. Nas biyu da likitar suka yi abin da za su yi. Mashkura ta zame ta zauna a ƙasa, ta ce inna lillahi sau ɗaya, ta kama ƙafar gadon. Safara'u ta naɗe tabarma, ta haɗa kwanuka, ta zubar da ruwan buta. Aka ba su takarda.

Sale na hanya, ya ce a waya a kai masa ɗansa gida, kada a rufe shi inda ba kowa nasa. Direbobin tasha kuwa ba sa ɗaukar gawa cikin fasinja, sai dai a ɗauki shatar mota sukutum, abin da ba su da halinsa. Wata mai jinya a gadon kusa ta matso za ta raɗa musu dabara, ta tarar Safara'u ta riga ta warware zanenta. Tsohuwar ta sa wa yaron hularsa ta ulu. Ta duƙa, ta ce wa Mashkura, "Ɗora man shi." Ta ɗaure sama, ta ɗaure ƙasa, ta gyara kansa ya kwanta gefe, ta saki hijabi a kai. Rabonta da goya namiji tun Bashir. Bayanta bai manta ba.

A bakin tasha ta tsaya ta kama hannun ɗiyarta. "In kika yi kuka, sauke mu za a yi. Kin jiya?"

"Na jiya, Inna."

Aka cusa su kujerar baya da wasu fasinja biyu, Safara'u ta zauna a gaba-gaba don kada ta jingina. Mota ta fita gari. Fasinja na zancen farashin taki da na hanyar da ba a bi bayan la'asar. Tana jin ɗuminsa na raguwa a bayanta kaɗan-kaɗan, daga ƙafafu. Wajen Achida wata mata mai kwandon tumatir a cinya ta leƙa hijabin ta yi murmushi.

"Kai, wanga yaro akwai haƙuri. Tun tasha ko motsi. Namiji na?"

"Namiji na," in ji Safara'u.

"Allah shi raya."

"Amin," in ji ta. Mashkura ta juya fuska ga taga.

Sun wuce mararrabar Wurno, mota ta faɗa wani rami ta fita, sai Safara'u ta ji ɗiyarta ta ja numfashi ta ƙanƙame hannu a ƙirji. Ta duba. Gaban hijabin Mashkura, mai ruwan toka, ya yi duhu wuri biyu, kuma duhun na faɗi. Kwana takwas tana matsawa a kofi. Mashkura ta dubi jikinta, ta ɗago ta dubi uwarta.

A nan abin ya zo wa Safara'u, wanda ta jira tun rasuwar Uwaisu bai zo ba. Ya taso daga ciki, baƙin ciki ne tsantsa, na yara huɗu a lokaci guda, kuma ga direba na kallon madubi. Ta haɗiye. Ta zare ɗankwalinta ta ƙarƙashin hijabi, ta ninka, ta tura wa ɗiyarta a ƙirji, ta bar hannunta a wurin ta danne. Nonon na ratsa ƙyallen yana jiƙa mata tafi, da ɗuminsa.

"Saura kaɗan," ta ce a hankali. "Riƙe har mu sauka."